Fentin Kwandensa da Takarda ta Arba'in da Biyu

Yau da la'asar na shigo gida jiƙe sharkaf tun daga ƙirji har tafin ƙafa, takalmina na tsiyayar ruwa duk taku. Mai ɗakina ta ɗago kai daga wankin da take yi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ina ce kai da faɗawa kwata kun yi sallama tun bara? Ko idon ne ya ƙara lalacewa?" Na ce mata ba kwata na faɗa ba, aikin hukuma na yi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin wanda aikin hukuma ya jiƙa wa riga ba, sai dai ya sa rigar ta matse masa tumbi. Ban yi mata musu ba. Na shiga ɗaki na sauya kaya, na jawo takarda, don idan ban amayar muku da abin da ke raina ba, hawan jinina zai yi mini aikin da likita ya hana.

Maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, kowa a layinmu Mai Sanyi yake ce masa. Shekara ashirin da tara ke nan yana aiki a wani babban ofishin hukuma mai hawa huɗu, shi ke kula da na'urorin sanyaya ɗaki, waɗanda 'yan zamani ke kira esi. Saura wata biyar ya yi ritaya. Mutum ne siriri, mai ƙarancin magana, amma ka kuskura ka tambaye shi lafiyar injinansa, to ka nemi kujera.

Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a aji mai fanka ɗaya, da can na ɗauka esi shi ne farin abin nan da ke manne a bango yana hura wa manya sanyi a ƙeya. Mai Sanyi ne ya warware mini. Ya ce, "Malam, wancan baki ne kawai. Huhun yana waje." Huhun da yake nufi shi ne ƙaton akwatin ƙarfe mai fanka da ake girkewa a bayan gini, wanda masu sana'ar ke kira kwandensa. Duk zafin da aka kwaso daga cikin ofis can ake kai shi, fanka ta ja iska ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da haƙoran mataji, ta fitar da zafin waje. Idan ƙura da ganye da leda suka toshe haƙoran nan, injin ya fara haki ke nan. Idan hakin ya yi yawa sai ya kashe kansa don kada ya ƙone.

Maganin kuwa, jama'a, ba ya buƙatar digiri. Duk wata uku a kashe wutar injin, a tsince shara, a wanke haƙoran da ruwa a hankali daga ciki zuwa waje, a miƙe waɗanda suka lanƙwashe, a ɗaure wayar da ta saki, a saurari ƙarar fanka. Sannan a bar masa fili ya shaƙi iska. Guda goma sha biyu ne a bayan ofishin nan, kuma Mai Sanyi ya san kowanne da lambarsa da halinsa. Ya taɓa gaya mini cewa mai lamba bakwai rigimamme ne, sai an lallaɓa shi.

Shekara goma da suka wuce aka tumɓuke famfon da ke bayan ginin, don a samu wurin kafa rumfar motar wani Yallaɓai. Ba na ganin laifin kowa, mota ma tana da hakki, rana na ɓata mata launi. Tun daga ranar, Mai Sanyi da bokiti biyu yake ɗebo ruwa daga banɗakin ƙasa, ya zagaya ginin, ya wanke injin ɗaya, ya koma ya sake ɗebowa. Da ya je ya yi ƙorafi aka ce masa, "Rubuto a takarda." Sai ya zo wurina, tunda an ce rubutuna na da kyau. Duk wata uku mukan zauna a kan tabarma a ƙofar gidana, shi yana faɗa ni ina gyara kalma, muna roƙon famfo ɗaya da tiyo mai tsawon taku ashirin. Kwafin kowace takarda na nan a cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona. Talatin da tara muka rubuta a kan famfo, kuma ina mai tabbatar muku da cewa duk an karɓa an buga musu hatimi, don hukumarmu ba ta wasa da hatimi.

Sai ga labari cewa Babban Baƙo zai kawo ziyara don buɗe sabuwar ƙofar shiga ofishin. Tsohuwar ƙofar lafiyarta ƙalau, amma ba a taɓa buɗe ta da almakashi ba. Nan da nan aka kafa Kwamitin Ƙawata Haraba, aka ɗora masa wani bawan Allah da zan kira Yallaɓai Shugaban Kwamitoci, Allah ya ja zamaninsa, mutumin da in za a kafa kwamitin binciken dalilin da ya sa kwamitoci suka yi yawa, shi za a ba shugabanci. Yallaɓai ya zagaya harabar da tawagarsa, karo na farko a tarihi da manyan takalma suka taka bayan ginin. Da ya yi ido biyu da kwandensoshin nan sai ya dafe ƙirji. Ya ce wannan abin kunya ne, ƙarafa sun koɗe, ga su tsirara a fili, idan Babban Baƙo ya leƙo ta tagar bene me za a ce masa?

Washegari Mai Sanyi ya iso aiki ya tarar da masu fenti sun ɗaure hanci da tsumma, suna fesa wa injinansa shuɗin fenti mai sheƙi. Ba jikin akwatin kaɗai ba, har haƙoran, ciki da waje, shafi biyu don ya yi kyau. Kafintoci kuma na gefe suna kewaye su da katako, har da rufi a sama, da zanen furanni. Ya gaya mini cewa bokitin da ke hannunsa bai san lokacin da ya sake shi ba.

Ya ruga bene na huɗu, ya samu Yallaɓai a bakin ofis yana waya. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a dakatar da masu fentin nan. An toshe wa injin hanci, an kuma rufe shi a akwati. Wallahi ranar ziyara ba za su kai azahar ba." Yallaɓai ko ɗago ido bai yi ba. Ya toshe bakin wayar da tafin hannu, ya ce wa iska, "Rubuto a takarda," ya ci gaba da dariyarsa. Da yamma muka rubuta ta arba'in. Na sa duk basirata a cikinta, har layi na ja a ƙarƙashin kalmar gaggawa.

Ranar ziyara, ɗan'uwan mai ɗakina da ke aikin share-share a can ya ba ni labari tiryan-tiryan. An cika babban ɗakin taro, an rufe tagogi, manya sun sha manyan riguna masu sitaci. Ƙarfe goma da rabi mai lamba bakwai ya fara ajiye aiki, kamar yadda aka san shi. Kafin a gama gabatar da manyan baƙi, wanda ya ɗauki minti arba'in, biyar sun bi sahunsa. Da Babban Baƙo ya miƙe zai yi jawabi a kan ci gaban da aka samu, ba sauran injin da ke numfashi. Ya karanta shafi ɗaya gumi na ɗiga a kan takardar, ya yi fifita da shafi na biyu, ya tsallake sauran goma sha ɗaya. Aka ce wannan ne jawabinsa mafi daɗi tun da ya hau kujera. Ya yanke ƙyallen ƙofa a tsaye, ya faɗa mota, ko lemon da aka tanada bai kurɓa ba.

To, manya sun ji kunya, dole a samu wanda ya jawo. Masu fenti sun yi abin da aka sa su. Kafintoci ma haka. Kwamiti kuwa ba ya kuskure, don shi ne ke rubuta rahoto. Saura wa? Wanda sunansa ke rubuce a matsayin mai kula da injin. Aka miƙa wa Mai Sanyi takardar tuhuma a kan sakaci da aiki da zubar da mutuncin hukuma a gaban baƙo, aka dakatar da shi, aka ce ya jira hukuncin Kwamitin Bincike. Idan kwamitin ya same shi da laifi, kora ce, fansho ya tafi, shekara ashirin da tara sun bi ruwa, sunansa kuma ya zauna a fayil a matsayin wanda ya kashe injin goma sha biyu. Wa kuke tsammani aka naɗa shugaban Kwamitin Bincike? Allah ya ba ku lada, kun canka.

Muka rubuta ta arba'in da ɗaya, ta kare kai, muka liƙa mata kwafin ta arba'in. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Malam, don Allah ku rubuta da zafi-zafi. Mutumin nan ya daina cin abinci. Sai ya zauna yana kallon bokiti." Na ce mata ta kwantar da hankalinta, gaskiya a fili take. Ta ce injin ma a fili yake kafin a rufe shi da katako.

Ana nan, aka ɗauko wani ƙwararre daga nesa, mai jakar hannu da tabarau. Ya tsaya taku goma daga injinan, ya ɗauki hotonsu, ya rubuta cewa sun tsufa sun mutu, a sayo sababbi. Wannan takarda dai ba ta kwana ba, don takardar da ke da kwangila a cikinta ƙafafu gare ta. Aka ciro tsofaffin aka sayar wa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Aka kawo sababbi fil a leda, aka girke su a cikin akwatin katakon nan, saboda an riga an manna masa allon tagulla mai cewa Babban Baƙo ya ƙaddamar da shi, kuma abin da aka ƙaddamar ba a rushe shi. Sababbin ma, da yake ba su san darajar allon tagulla ba, kullum ƙarfe sha ɗaya suke ajiye aiki.

Mai Sanyi bai iya haƙuri ba, ya bi sawun injinansa har filin 'yan gwangwan. Ya same su a jibge a rana, ana shirin sa musu guduma. A ƙarshen layinmu akwai wata Hajiya da ta gina ɗakin taro na haya, tana neman na'urar sanyi. Ya je ya same ta ya ce, "Hajiya, ki sayi ƙarafan can. Ba mutuwa suka yi ba, shaƙe su aka yi." Hajiya 'yar kasuwa ce, ba ta da kwamiti. Ta tambaye shi sau ɗaya, "Ka tabbata?" Ya ce ya tabbata. Kafin magariba motar ɗaukar kaya ta sauke su a bayan ɗakin taronta. Ya ce yana buƙatar famfo da tiyo. Ta kira mai gyaran famfo a waya a gabansa. Ya dawo gida yana ta mamaki, ya ce mini, "Malam, ko biro ba ta nema ba."

Sati uku ya yi yana kankare fentin nan da ruwan magani da ƙaramin buroshi, haƙori bayan haƙori, har fatar yatsunsa ta saɓule. Ni ne mai riƙe masa tiyo, tunda ritaya ta bar ni da hannu biyu da ba su da aiki. Biyu daga cikin injinan kam sun riga mu gidan gaskiya, zuciyarsu ta ƙone. Goma suka tashi garau, har da mai lamba bakwai, wanda ya yi tari sau biyu don a san shi ne, sannan ya kama aiki. Tun daga nan mutane ke shiga ɗakin taron Hajiya da rigar sanyi.

Yau ce ranar wankinsu na wata uku. Mun fara da hantsi, muna kashe ɗaya, mu wanke, mu kunna, mu wuce na gaba, don kada masu taro su ji canji. Muna kan na huɗu sai muka ga baƙaƙen motoci na shigowa jere. Mai Sanyi ya leƙa, ya dawo fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Su ne." Ashe Kwamitin Bincike ya kasa zama a ofishinsa saboda zafi, shi ne ya kama hayar ɗakin Hajiya don zaman yanke hukunci. Shi kuwa wanda ake yanke wa hukuncin ba a gayyace shi ba, an ce fayil ya wadatar.

Shaiɗan ya raɗa mini wata shawara, ni kuma na isar da ita. Na ce, "Ga makunnin wuta nan kusa da hannunka. Ja shi ƙasa, su ɗanɗana abin da suka dafa." Ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, ba a kashe su gaba ɗaya a kunna gaba ɗaya, yana wahalar da su. Su me suka yi mini?" Na ji haushinsa, na kuma ji kunyar kaina, duka a lokaci guda.

Bayan azahar, muna kan mai lamba bakwai, sai ga Yallaɓai Shugaban Kwamitoci da kansa ya zagayo baya yana neman inda waya ke kamawa. Ya gama wayarsa, ya tsaya yana kallonmu, hannu a baya. Ya ce, "Sannunku da aiki, dattawa. Kai, madalla! Tun safe muke ciki har sai da na aika a ɗauko mini mayafi a mota. Wa ke kula da waɗannan?"

Mai Sanyi ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"Ka ga irin mutanen da muke nema! Yanzun nan muka gama da shari'ar wani malalaci da ya kashe mana irinsu goma sha biyu. Mun sallame shi. Da mutum irinka muka samu, ai da ba mu ji kunya ba. Ba ka sha'awar aiki da hukuma?"

Jama'a, sai na ga Mai Sanyi ya ajiye buroshi. Ya goge gefen akwatin da tsumma, inda lambar kayan ofishinsu take a buge a jikin ƙarfe, da ragowar shuɗin fenti a lungun da buroshi bai kai ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, duba nan. Waɗannan su ne gawarwakin. Malalacin kuma ni ne. Wanka kawai na yi musu."

Yallaɓai ya sunkuya ya karanta lambar. Ya ɗago ya dubi Mai Sanyi, kuma na rantse wannan ne karo na farko da ya ga fuskarsa a shekara ashirin da tara. Na ɗan lokaci na ɗauka wani abu zai faru, don bakinsa ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Sai ya gyara hularsa. Ya ce abin takaici ne ƙwarai, amma kowa ya riga ya sa hannu, kuma an riga an yi wa rahoton bango mai sheƙi, ba a ɓalle shi. Ya juya zai tafi, ya waiwayo cikin tausayawa ya ce, "In kana da magana, rubuto a takarda."

A nan ne tiyo ya ƙwace mini. Na gaya wa Hajiya, na gaya wa mai ɗakina, ina kuma gaya muku, tsufa ne, hannuna ba ya riƙe abu kamar da. Ruwan ya bi babbar rigar Yallaɓai daga wuya zuwa ƙasa, a hankali, yadda Mai Sanyi ya koya mini don kada haƙora su lanƙwashe. Da direbansa ya rugo muka yi kokawar tiyo, ni ma na samu rabona. Na ba da haƙuri yadda ya kamata. Na ce idan akwai ƙorafi, ina karɓa a rubuce.

Ban daɗe da sauya kaya ba aka yi sallama. Mai Sanyi ne, da farar takarda a hannu. Na yi murna, na shimfiɗa tabarma, na ce yau za mu rubuta ƙarar da za ta girgiza bene huɗu, mu haɗa da hoton lambar injin, mu nemi a dawo masa da fanshonsa da sunansa. Na cire murfin biro na ce ya fara.

Ya ce, "Rubuta. Ina roƙon a cire katakon da ke kewaye da sababbin injinan, ko da rufin sama ne kawai, kafin zafin watan gobe. In ba haka ba zuciyarsu za ta ƙone. Sannan a wanke su, sun wuce wata uku."

Na ajiye biro. Na ce, "Bawan Allah, korar ka fa aka yi yau. Kai ba ka da zuciya ne? Ina maganar fanshonka?"

Ya daɗe yana kallon yatsunsa da suka saɓule. Ya ce, "Wannan ma za mu rubuta, gobe. Ita tana iya jira. Su ba za su iya ba, kuma yanzu ba su da kowa."

Na ɗauki biro na rubuta, idona na yi mini yaji, na ce masa hayaƙin murhun maƙwabta ne. Maman 'Yan Biyu na jin mu ta bayan katanga, sai muka ji ƙarar tukunya da ta dire da ƙarfi. Kwafin ya shiga gwangwanin biskit, ta arba'in da biyu, da ƙyar murfin ya rufu.

Gobe da safe zai kai ta ofis a buga mata hatimi. Na ba shi shawara ɗaya kawai: akwai ragowar shuɗin fentin nan da muka kankare a cikin wani bokiti, ya shafa wa ambulan shafi biyu. Shi kaɗai ne abin da na taɓa ganin ya sa Yallaɓai ya sunkuya ya karanta.